Zanen Bindigar Kakanmu

Zuwa ga ƙanena Delmer,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Wilma. Yaya ƙafarta? An fara sanyi a Kentucky?

Albishirinka! 'Yata Loretta ta sauka lafiya, mun samu mace, sunanta Opal. Da ta riƙe yatsana sai da na yi hawaye.

Ka san kowane jika nawa na ƙera masa bindigar ɗuri irin ta Kaka. Na sayi zanen bindiga har biyu, duk kunamar a dama take, alhali Kaka bahago ne. Don Allah sauko da tasa daga bango, ka kwantar da ita kan takarda, ka zagaye ta da fensir. Kada ka gyara karkatar gindin, haka ya sassaƙa ta.

Ni lafiya lau nake a London, sai dai tun da na faɗi ba a barina in fita ni kaɗai. Da na yi zancen bindigar, da yake a nan doka ta hana, Loretta ta ce, "Baba, so kake a ɗaure mu?" Zancen komawata gida kuwa, kullum sai ta ce tukuna.

Ka dai aiko da zanen. Ko a kan gado ne zan shimfiɗa shi in riƙa aunawa.

Allah ya sada mu.

Yayanka,
Orville