Sifilin da ya ta da Kawu daga kujerarsa

Zuwa ga yayana Illiya, a can inda kake.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da manyan ofishinku waɗanda ban san sunansu ba, ban kuma damu in sani ba. Mu nan Dogondutsi lafiya lau, gero ya fara kai, Inna tana gaishe ka. Na rubuto a nan inda kowa zai gani domin na lura saƙon da aka turo maka kai kaɗai ba ya samun amsa, amma in aka yabe ka a bainar jama'a, kafin mutum ya ajiye waya ka danna masa alamar zuciya. To ga jama'a sun taru, sai ka karanta.

Ka san inda manhajar nan ta fara, ko da yake yanzu kana ba da labarinta kamar a ɗakin taro aka haife ta. A zauren gidanmu ka rubuta ta, kana hutun jami'a, da tsohuwar kwamfuta a kan cinya, kuma saboda mutum ɗaya ka yi: Kawu Yohanna, ƙanen Inna, wanda idanunsa suka rufe tun muna yara. Shi ke gabatar da sanarwar safe a rediyon garinmu, rasuwa da suna da ɓatan dabbobi da gaisuwar 'yan ci-rani. Lokacin sai an sa wani ya zauna kusa da shi yana danna masa muryoyin da aka naɗa. Ran da mutumin bai zo ba, ba shiri.

Ina zaune gefenka ranar da ka buɗe mini fayil ɗin zaɓi. Ka ce tagogi da maɓallan da ake gani a allo ba kai kake zana su ba, akwai wani tarin kayan gini da ake ɗorawa a kai, wanda ke aiki a kowane irin tsarin kwamfuta. Kafin a dunƙule shi ya zama manhaja, sai an bi wannan fayil layi-layi, kowane layi da sunan abu, a gabansa ɗaya ko sifili. Buga takarda, ɗaya ko sifili. Bidiyo, ɗaya ko sifili. Ka ce mini, “Abin da aka sa ma sifili ba ɓoye shi aka yi ba, ba a gina shi ba ne sam.” Da na ƙi ganewa, ka ce in tuna da masu ginin tukwane: hannun tukunya tun yumɓu yana ɗanye ake manna shi, in aka gasa an gama.

Ranar ka yi ta kashe abubuwa ba tausayi, domin kwamfutar rediyon ta tsufa. Layi ɗaya ne ka tsaya a kansa ka nuna mini da yatsa, wanda ke barin muryar da ke karanta wa makafi allo ta san sunan kowane maɓalli. Ka sa masa ɗaya, ka dube ni kana murmushin nan naka na mai jin kansa. Na yarda, ranar ka cancanci jin kai.

Safiyar farko da Kawu ya zauna shi kaɗai, ya sa abin sauraro a kunne, ya danna, muryar ta fara kiran sunayen maɓallai da Faransancinta na hanci. Ya yi dariya har sai da ya riƙe ciki, ya ce, “Wagga ɗiyar Nasara tana da ladabi, kowace ƙohwa sai ta hwaɗa mini sunanta.” Daga ranar bai sake jiran kowa ba. Mutanen Matankari da Kore Mairuwa suna jin sa kowace safiya, da yawansu ma ba su san ba ya gani ba.

Sai ka tafi. Sai ƙungiyar da ta ɗauke ka aiki ta ga abin ya yi mata, ta ce za a raba wa rediyoyi da yawa, aka kawo mana sabuwa. Kai, Yaya, na ga ado! Kusurwar tagogi an lanƙwasa ta, launi yana narkewa cikin launi, tambarinku yana juyi a tsakiyar allo kamar an ɗaura masa aure. Duk waɗannan kun samo musu ɗaya. Har da abin duba shafukan intanet a ciki, a ɗakin da rezo, wato layin intanet, ke zuwa in ya ga dama. Aka goge tsohuwar, wai sabuwar ce ke aika muku rahoto, kuma rahoto, kamar yadda na fahimta, shi ne abincinku.

Kawu ya zo da safe yadda ya saba, ya jingine sandarsa, ya sa abin sauraro, ya danna. Muryar ta ce “taga”. Ya sake dannawa, shiru. Ya bi madannan nan da yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana ta shiru, kiɗan buɗe shiri yana ƙarewa, mutane suna jira a gidajensu. Ranar sanarwar jana'iza biyu ba su fita a kan lokaci ba.

Na kira ka, ka tuna? Ka ɗauka kana tauna wani abu. Ka ce layin nan na muryar makafi ya ƙi haɗuwa a kan siraran kwamfutocin nan masu tsada na ofishinku, kuma kun yanke shawarar fayil ɗin zaɓi ya zama iri ɗaya a duk tsarin kwamfuta uku da kuke haɗa wa manhajar, don kada a wahalar da ma'aikata. Sai kuka sa sifili, komai ya haɗu lafiya, kuka yi ta murna. Ka ce, “Detay ne, Rahila, ɗan ƙaramin abu, za mu duba a fitowa ta gaba.” Ta gaba ta fito, na duba, an canja launin tambari.

Abin da ya fi ba ni takaici, kai ka koya mini yadda ake gindaya sharaɗi a fayil ɗin, a ce in wannan tsarin ne a sa ɗaya, in wancan ne a sa sifili. Ba ka manta ba. Ƙyuya ce kawai, aka sa mata kwat aka kira ta daidaita tsari. Kun zauna ku nawa a teburin nan, kowa da digirinsa da kofinsa, ba wanda ya tambaya ko akwai mai rai a bayan layin. Su dai ba su san Kawu ba, zan iya raina su in wuce. Kai fa?

Makon da ya wuce na ga hotonka a wani taro, ka riƙe makirfo, a bayanka an rubuta da manyan baƙaƙe wai fasaha ta kowa ce. Kwat ɗin ta yi maka kyau, ban hana ka ba.

Kada wani mai karatu ya ce in shiga saiti in kunna. Ba abin kunnawa, ba a gina shi ba. Da asalin rubutun manhajar yana hannuna da tuni na mayar da ɗaya na sake haɗawa, amma kun kulle shi a ofishinku kamar gadon uban wani. Direktan rediyo ya sa ma'aikaci ya riƙa danna wa Kawu, sai kuma ya ga mutum biyu sun yi yawa a kujera ɗaya. Ya faɗa mini ƙiri-ƙiri: bayan girbi za a fitar da sabon tsarin shirye-shirye, in har lokacin Kawu ba ya iya tafiyar da shirin shi kaɗai, wani za a ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Gero kuwa na faɗa maka ya fara kai.

Yaya, ni na san ba haka kake ba. Ina tuna ka kana ƙarami, Kawu ya ɗora ka a wuya za mu coci ran Lahadi, kana riƙe da kunnuwansa kana kira masa hanya: rami, dutse, akuya. Wani lokaci ka ce rami alhali babu, don kawai ka ji ya yi tsalle, ku yi ta dariya ku biyu Inna tana faɗa. Wancan yaron nake rubuta wa, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Ga saƙon da ya sa na rubuto. Jiya na kai wa Kawu fura, na tarar da shi a tabarma yana murza yatsunsa. Bai san da wani sifili ba. Shi a ganinsa shi ne ya danna abin da bai kamata ba, muryar ta yi fushi ta daina yi masa magana. Ya ce, “Hannuwana sun tsuhwa, ɗiyata. Ki ce ma Illiya shi gahwarce ni, na ɓata mishi aikinshi. Kak ki dame shi da wagga magana, yana da manyan ayyuka.”

Ban gyara masa ba. In na ce ba shi ba ne zai tambaye ni wane ne. Na dai isar da saƙo: Kawu yana neman gafararka.

Ubangiji ya kiyaye ka a ƙasar mutane, ya tsare maka idanunka har tsufa, ya sa kada ka taɓa zama a gaban abin da ka saba da shi ya yi maka shiru. Ya kuma ba ka ƙarfin amsa wa tsohon nan da bakinka. Amin.

Ƙanwarka da har yanzu take sonka,
Rahila, Dogondutsi.