Golan da Kuka Ce Ba a San Shi Ba, Ni Ne

Zuwa ga Shugaban kulob ɗinmu na hokin takalmin taya, Birmingham.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina taya ku murnar kofin bana. Wallahi har na manta da ciwon gwiwata na miƙe ina tsalle, hulata ta faɗi ban ma sani ba. Kulob ɗin da muka fara a wani tsohon hall na council, zauren taron hukuma a unguwar Sparkhill, rufi na yoyo muna kewaye bokiti da ƙwallo, yau shi ne mai 'yan wasan da wasan ne sana'arsu, ga ƙungiyar mata, ga kofuna. Alhamdulillahi.

Sai dai ina da kuka, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Asabar ɗin da ta wuce na zo taron buɗe bangon tarihin kulob tare da jikata Hajara, wadda ke buga wa ƙungiyarku ta mata. A hoton kofinmu na farko, wanda muka ɗauko a Manchester, kun rubuta sunan kowa. Gola kaɗai, wanda ke durƙushe a gaba da kwalkwali a fuska, shi kuka rubuta wai ba a san shi ba. To ni ne.

Na biyu. Laifin ba naku ba ne duka. Marigayi mahaifina mutumin zangon Kumasi ne, a wurinsa ƙato ya hau taya yana bin ƙwallo da sanda taɓin hankali ne. Duk Asabar ya ɗauka ina library ina karatu. Ranar nan da mai hoto ya ce jarida za a kai, sai na ƙi cire kwalkwalin. Takardar sunaye ma na zille mata. Na hau bas a titin Oxford Road na Manchester da kumburarren yatsa, na koma gida Small Heath na ce ƙofa ce ta datse ni.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Shekaru ina ba Hajara labarin yadda na tare bugun ƙarshe na wasan nan da ƙirjina. Da ta karanta rubutunku sai ta dube ni ta yi 'yar dariya, ta shafa mini kafaɗa irin yadda ake lallashin tsohon da ya fara ruɗewa. Yarinyar da ni na fara ɗaure mata takalmi! Na yi dariya tare da ita, amma abin ya sosa mini rai.

Shaida ba za ta yi wuya ba. Kyaftin ɗinmu na lokacin yana nan da ransa a Manchester, kullum sai ya tsokane ni da zancen library. Kwalkwalin kuma yana saman wardrobe, da tsaguwar da ake gani a hoton ta gefen hagu.

Roƙona guda ne: ku rubuta sunana, Iliyasu, ƙarƙashin hoton. Ba na neman biki ko lambar yabo. In da hali a yi kafin wasan matan na gida mai zuwa. Zan zo da wuri in tsaya kusa da bangon, ba zan ce wa Hajara komai ba, ita da kanta za ta karanta.

Allah ya ƙara wa kulob ɗaukaka, ya tsare gwiwoyin yaranmu, ya yi maka jagora. Mahaifina kuma Allah ya jiƙansa, ya yafe mini library.

Wassalam.

Iliyasu, kakan Hajara,
Small Heath.