Mahaifiyata ba za ta zauna ba sai da karenta, 'yata kuma ba ta iya numfashi kusa da shi

Salama gare ku jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ranar Lahadin da ta wuce da la'asar, a tsakar gidanmu nan Minna, daga ni sai maigidana da Mama, wato mahaifiyata, muka yi zaman da ban taɓa zaton zai ƙare haka ba.

Mama tana zaune ne ita kaɗai a gidan gonarmu wajen Tagwai tun rasuwar Baba. Abokin zamanta Soja, kare ne ruwa biyu mai yawan gashi wanda Baba ya yi rainonsa. Da hawan jini ya kayar da ita bana, likita ya ce ba ta sake kwana ita kaɗai. Ta yarda ta dawo wurinmu, amma da sharaɗin Soja zai biyo ta, muka ce to.

Sai aka yi rashin sa'a ya zo a lokacin da yake zubar da gashi. Kan kujera gashi, kan yunifom ɗin yara gashi, har cikin miya na tsinta. 'Yata ƙarama tana da asma. Ta fara da atishawa, sai tari, sai ranar da na ɗauke ta a keke zuwa asibiti ƙirjinta yana fito, inhela ta ƙi yi mata aiki.

Maigida ya ce ai magana mai sauƙi ce, in babu gashi babu ciwo. Mama tana coci ya kira mai askin layinmu da kilifa, aka kwashe wa Soja gashi tas. Da ta dawo ta gan shi ya ɓuya bayan tanki yana rawar jiki, ta ce mun tuɓe shi tsirara kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Maigida ya yi dariya, ya ce ai gayu aka yi masa. Tun daga nan ba ta sake amsa gaisuwarsa ba.

Abin takaici, askin bai yi amfani ba. Likitan dabbobi ya ce matsalar ba tsawon gashi ba ce, wani gari ne kamar amosani da ke fita daga fatar kare, da kuma yawunsa. Ya ce gashin ne ma yake kare shi daga rana. Yanzu bayansa ya yi ja, ƙudaje suna binsa, yana susa, garin ya ƙaru. Yarinya kuma ta sake kwana a asibiti.

Shi ne a zaman na Lahadi maigida ya ce kare ya bar gidan. Mama ta ce ba ta ga laifin maigida ba, ita ma ba ta so jikarta ta mutu, amma wanda yake kwana a ƙofarta tun da aka binne mijinta ba za ta ba wa wani shi ba, ga shi da ciwo a jiki. Na durƙusa na ce Mama ki dube ni. Ta ce ta dube ni, shi ya sa za ta tafi. Ta ɗaure kayanta, ta hau keke da karen, suka koma Tagwai.

Jama'a, yaya zan yi? Masu kare a gida da mai asma, in an gina masa keji can bayan gida ana yi masa wanka ana taje shi, yana rage wa yaro wahala, ko yaudarar kaina nake? Gashin da aka aske yana dawowa yadda yake? Ko in bar 'ya'yana in tare can wurinta?

Yau da safe haushin Soja ne ya tara maƙwabta, suka sami Mama a faɗe bakin randa. Sun tashe ta, ta sha magani, ta ce ba inda za ta.