Kunnena na Hagu

Lamorde, Mubi.

Zuwa ga Addata Hajaratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar lelena Halimat. Ya Jalingo, ya ruwa? Dada da Goggo suna gaishe ki.

Na san kin ji haushi da kika kira wayar Dada aka miƙo mini na yi shiru. Wallahi ba raini ba ne, Adda. Muryarki nake ji kamar kina magana daga cikin randa. Shi ya sa na rubuto, zan ba direban motar Jalingo. Dada ta ce miki zazzaɓi nake yi. Ba zazzaɓi ba ne.

Kin tuna falalen dutsen bayan gidanmu inda mata suke shanya? Tun da kamfanin fasa dutse ya zo bara, kafin su tayar da nakiya sai su turo wani mai jan ƙyalle ya zagaya yana busa usur, mata su kwashe shanya, a kore awaki. Ranar Laraba kowa ya tafi kasuwa, Goggo ta bar ni gadin kuɓewarta. Ina zaune a inuwa da littafina, na zo daidai inda saurayin ya tsaya cikin ruwan sama yana jiran ta leƙo ta taga, sai kawai duniya ta tsage. Babu usur, babu ƙyalle. Sun ga unguwa tsit, suka ce wa za a yi wa busa?

Na farfaɗo kwance cikin kuɓewa, ƙasa a bakina, jini yana bin wuyana. Ina ganin mutane suna gudu baki buɗe amma ba sauti. Waɗanda ke gida sun ɗauka irin ta shekarar gudu ce ta dawo, lokacin da 'yan bindiga suka shigo gari. Madam Salomi maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar nan, sai da ta kai bakin kogi da takalmi ƙafa ɗaya.

Goggo ta ɗumama man gyaɗa da tafarnuwa ta ɗiga mini. Har yau kunnen kuka yake, wiii, kamar gyare ya shiga ya yi gida. Amma abin da ya fi ƙona mini rai, Dada ta hana in faɗa wa kowa. Wai ba za a yi wa 'yarta laƙabi da kurma ba. Ta ce duk wanda ya yi mini magana in sunkuyar da kai, ai dama an san ni da kunya, ba wanda zai gane. Su suka fasa, ni ce zan ɓoye? Don Allah ki gaya mini in wannan daidai ne.

Ki shafa mini kan Halimat.

Ƙanwarki,
Sumayyat.


Lamorde, Mubi.

Adda,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ya jikin Halimat da haƙoran nan? Na ga saƙonki, turaren ma ya iso, Allah ya bar zumunci. Ki yi haƙuri da rubutun, cikin fushi nake yin sa.

Madam Salomi ce ta gano ni. Ta yi ta ƙwala mini kira ta kan katanga ina wanki ban juya ba, sai ta zagayo ta kama haɓata ta ce, “Ke 'yar nan, wannan ba kunya ba ce.” A littafi a nan ne wani kyakkyawa mai mota yake bayyana. Ni Madam Salomi na samu, da lemarta da keke napep. Ta yi ta faɗa da Dada har aka bar ta ta kai ni asibiti, su kuma suka tura mu Yola wajen likitan kunne.

Likitan ya sa mini wani abu a kai kamar na masu jin waƙa, ya ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Ta dama na ɗaga. Ta hagu ina zaune ina jira ya fara, ashe har ya gama. Ya ce dodon kunnen duka biyu ya fashe. Na dama zai haɗe, na hagu kuwa jijiyar ce ta taɓu, da wuya ya dawo. Ya yi faɗa a kan man Goggo, amma ya ce ba man ne ya kashe jijiya ba, ƙara ce, ya kuma rubuta haka. Sannan ya ce daga yau in riƙa kallon bakin mai magana, zai taimake ni. Adda, ni? Ni da ko mai kanti ba na iya kallo?

Da kamfanin suka ji an je Yola sai ga su a zauren Jauro, mai unguwarmu, da buhun shinkafa da katan ɗin lemo. Aka kira ni, na durƙusa a bakin ƙofa. Bappa Habib ne ya zauna a madadin marigayi Baba. Manajan ya zauna ta damana, don haka na ji komai, ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba. Ya ce sun busa usur har sun gaji, yarinya ce ta nutse a littafin soyayya. Maza suka yi dariya. Wani ya ce ai ko tsawa ce ta faɗi 'yan matan yanzu ba sa ji in suna karanta masoyi. Jauro ya tambaye ni ko haka ne.

Adda, ina da abin faɗa. Na san ƙarya ce. Amma dattawa sun cika zaure, idona yana kan tabarma, bakina ya ƙi buɗewa. Sai Bappa ya ce, “To kun gani, shirun budurwa amsa ce.” Aka shafa fatiha, aka ce ƙaddara ce, aka ɗora shinkafa a baro.

Kunnena ke nan, buhu ɗaya! Da Bappa ya dawo gida ya sa aka ƙone littattafaina, wai su suka jawo. Ba su suka dasa nakiya ba. Na ce ba zan ci shinkafar ba ko yunwa za ta kashe ni, Dada ma na lura ba ta kwance bakin buhun ba.

Ki yi mini addu'a, ina jin haushin kaina fiye da na kowa.

Taki,
Sumayyat.


Lamorde, Mubi.

Addata ta kaina,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina fatan kowa lafiya, maigida ya dawo daga tafiya lafiya. Zauna sosai kafin ki karanta wannan.

Ranar da na raka Dada gaisuwar rasuwa Yelwa, keke napep ya taho ta haguna yana ta hon ban sani ba, sai da ya yage mini hijabi. Direban ya leƙo ya ce, “Ke kurma ce?” Ban san lokacin da na ce masa ba, “Eh, kurma ce! Sai aka yi yaya?” A tsakiyar titi, Adda! Dada ta tsaya tana kallon yagaggen hijabin. Washegari ita da kanta ta yafa mayafi ta ƙwanƙwasa ƙofar Madam Salomi.

Madam Salomi ta kai mu Sabon Layi wajen wata lauya 'yar Michika, Barista Winifred, gajeriya mai muryar da ko ni ina ji. Ta karanta takardar likita, ta ce fatiha ba ta goge doka, kuma dole ne mai tayar da nakiya ya gargaɗi mutane ko da akuya ce kaɗai a unguwa. Amma ta ce duk iya surutunta ba za ta zama shaida ba, ni ce nake wurin. In zan yi shiru a gaban alƙali, gara mu koma gida mu dafa shinkafa.

Barista ta sa aka sake zama a zauren Jauro kafin ta shigar da ƙara. Wannan karon manajan ya zauna ta haguna, ban sani ba ko da gangan ne. Ya fara magana, ba na ji. Sai na tuna likita. Na ɗaga kai na zuba wa bakinsa ido. Bappa ya daka mini tsawa, “Sauke idonki, marar kunya!” Na ce, “Bappa, ka gafarce ni, in na sauke ido ba zan ji ƙaryar ba.”

Zaure ya yi tsit, wannan karon ba kunnena ba ne. Na ce ba a busa usur ba. Na ce eh, littafi nake karantawa, kuma kullum a nan nake karantawa, kullum ina jin usur in kwashe wa Goggo shanya, me ya sa sai ranar kasuwa littafin ya toshe mini kunne? Na ce shirun da na yi wancan karon tsoro ne, kada a sake amsawa a madadina. Manajan ya yi ta gyaran hula. Dada ta sa aka turo baro aka ajiye masa buhunsa a gabansa, bakin buhun a ɗinke yadda ya zo.

An shigar da ƙara. Alƙali ya ce a dakata da fasa dutsen har a saurari shari'a, mata sun koma shanya. Bappa ba ya amsa gaisuwata. Yaran layi kuma sun fara kirana Sumayyat kurma, abin da Dada ta ji tsoro ya faru. Nakan yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, musamman in na tuna a duk littafin da na karanta, a kunne ake raɗa wa yarinya magana mai daɗi. To, ai saura ɗaya. Duk mai so ya zagayo.

Barista ta ce bayan Sallah za a kira ni in ba da shaida. Ki zo don Allah, ki taho mini da littafi ko ɗaya ne, ki ɓoye shi cikin kayan Halimat. In mun shiga kotu ki zauna ta damana.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Sumayyat.