An Ce Mutum Biyu Aka Bayar A Kanka

Da sunan Allah. Daga Salihu direba, Kurayyat, Jidda, zuwa ga ƙanena Haruna a ƙasar Amurka, a garin da ban tabbata kana cikinsa har yanzu ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kuma ta same ka kai da kanka, ba wani mai buɗe maka wasiƙu ba.

Za ka ga ban liƙe ambulan ba. Da gangan ne. Na gaji da jefa takarda a gidan waya, amsa ta dawo mini da Turanci, bugun inji, an sa hannu da wani guntun suna da ba shi Baba ya raɗa maka ba. Wannan karon na damƙa ta hannun wani ɗalibi ɗan Najeriya da ya zo Umra, yana karatu a ƙasar taku. Na ce ya miƙa wa Bahaushen da ya fi shi kusa da kai, shi ma ya miƙa gaba, kowa ya karanta in yana so. Gara jama'a su sani, ko a samu wanda zai je ya gan ka da idonsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wata bakwai ke nan Inna ba ta karɓi ko kofin ruwa daga hannuna ba. Tana kwance, ƙafafu sun kumbura, likita ya ce zuciya ce. In na shiga gaishe ta sai ta juya fuska bango. Matata Rabi ce ke ba ta abinci, ni kuwa sai dai in tsaya bakin ƙofa kamar ɗan haya. Ta ce ni na sayar da kai. Ina son ta yafe mini kafin ta bar duniya, Haruna, kuma babu mai wanke ni a wurinta sai kai.

Ka tuna Juma'ar nan a bakin tekun Abhur? Lokacin ina tuƙa Dogon Bature, injiniyan jiragen sama na filin jirgin Kandara. Na ɗauke ka don ka sha iska kawai, kana da shekara goma sha shida. Shi da abokansa Turawa suna ta jifa da ƙwallon nan tasu mai kama da ƙwai, kai kana gefe kana cin gyaɗa. Sai na ga ka zabura, ka sha gaban wani ƙato da aka jefa wa ita, ka cafke ta a sama. Suka yi dariya, suka sake jefawa, ka sake cafkewa. Har sau uku. Dogon Bature ya daina dariya. Ya zo ya dafa kafaɗarka, ya matsa cinyarka da yatsu, ya sa ka yi gudu zuwa wata mota ka dawo yana kallon agogo. Ni sakarai ina gefe ina washe baki, wai ƙanena ya burge Turawa.

Da zai koma ƙasarsu ya ce zai tafi da kai, ya sa ka makaranta, ka zauna cikin 'ya'yansa. Baba ya riga ya rasu, saboda haka ni na dangwala hannu a takardar. Kwana arba'in na yi ina lallashin Inna. Na ce mata ilmi ne, na ce mata zamani ya canja, ai ga shi ko shekara ba a yi ba da yin shelar 'yanta bayi a ƙasar nan. Abin da ta tambaye ni kawai shi ne: “An duba haƙoransa?” Na ce a'a. Ƙarya na yi mata. Likitan da ya gwada ka kafin a ba ka biza ya duba su, a gabana.

Ban sani ba ko ka san dalilin wannan tambaya, domin ba ta son zancen. Inna tana da wa, Ɗanjuma. Da iyayensu suka tsallako da su daga Sawakin ta Sudan a jirgin ruwa na katako, shekararsa goma sha biyu, wani attajiri mai fara'a ya ce zai kai shi Makka ya yi karatu a Harami. Ya yi masa sabuwar riga, ya buɗe bakinsa ya duba, wai yana tsoron ko yaron yana da ciwo. Tun ranar ba su sake ganinsa ba. Daga baya wani alhaji ya ce ya ga mai kama da shi a wani babban gida a Ɗa'ifa yana zuba wa baƙi gahawa. Kakanmu ya je, aka kore shi daga bakin ƙofa.

Shekarun farko ban ji ɗar ba. Wasiƙunka suna zuwa da rubutun nan naka mai kama da tafiyar kaza, rabi Larabci rabi Hausa, kana ƙorafin sanyi, kana cewa ba su san yaji ba, kana tambayar ko mai tsiren bakin masallacinmu yana nan. Ina karanta wa Inna, tana murmushi a ɓoye. Ka gama makaranta, ka ce wata jami'a ta ɗauke ka kyauta saboda ƙwallon. Na bi majalisun unguwarmu Kurayyat ɗaya bayan ɗaya ina baza labari, har mutane suka fara kauce mini.

Sai hoton nan ya zo. Tabɗi! Hular kwano, ƙarafa sun gitta maka fuska, kafaɗu sun kumbura kamar an cusa maka matashin kai, ga lamba ɓaro-ɓaro a ƙirji. Inna ta daɗe tana kallo, ta ce: “Wanda ake sa wa lamba, akwai mai ƙirga shi.” Na yi dariya na ce kayan wasa ne. Amma bari in gaya maka gaskiya, ni ma na kai hoton rana na duba, na kasa rantsewa cewa kai ne a ciki. Hotuna nawa ka aiko tun daga nan? Babu ko ɗaya da ka cire hular. Me ya sa?

Ka taɓa bayyana mini aikin naka, lokacin da kake rubutu da hannunka. Ka ce kai ba ka jefa ƙwallo, ba a kuma jefa maka. Kana can baya, an ba ka mutum ɗaya mai gudun tsiya ka tsare, kada ya kama ƙwallon. Ka ce da baya kake fara gudu, fuskarka tana kallonsa. Ka ce idonsa zai yi maka ƙarya, kafaɗarsa za ta yi maka ƙarya, saboda haka ƙugunsa kake kallo, domin inda ƙugu ya nufa nan mutum zai je. In ka yi daidai sau hamsin ba mai kula ka, in ya wuce ka sau ɗaya duk filin sun ga lambarka. To na koyi darasin, ya akhi. Na daina sauraron abin da wasiƙunka ke faɗa, ina duban inda ka nufa, kuma shekara goma sha ɗaya ban ga ka nufo gida ba.

Da ka shiga wasan manya, wanda ake biya, sai rubutun hannu ya ɗauke, bugun inji ya fara. Dole in kai wa Usman Sudani, akawun nan na tashar jiragen ruwa, ya fassara mini. Shi ya karanta mini cewa an tara ku an auna tsawonku da nauyinku da faɗin tafin hannu, an gwada gudunku, sannan masu ƙungiyoyi suka zauna a ɗaki suna zaɓa bi da bi, kowa ya ɗauki wanda ya yi masa. Ba kai ka zaɓi garin ba, ta waya aka gaya maka. Da na dawo gida na tsallake wannan wurin, na ce wa Inna ka samu aiki mai kyau.

Haka na tsallake zancen gwiwa. Ka ce an yanka ta an ɗinke, kuma ranar wasa likita yana yi maka allura don kada ka ji zafi. Likitan wa? Nasu ne ko naka? In nasu ne, gwiwar yake yi wa aiki ko wasan? Na yi shekaru ina tuƙa motocin mutane, na san yadda ake yi wa mota in ana son ta kai ƙarshen tafiya kawai.

Wasiƙar ƙarshe ce ta tona ni. Ranar da ta iso ina Makka da fasinja, Rabi ta aika wa Usman ita, shi kuma ya ga bai kyautu takarda ta kwana ba a karanta ba, ya zo gida da kansa ya fassara wa Inna tiryan-tiryan. An ba da kai ga wata ƙungiya a wani gari mai nisa, su kuma sun ba da mutum biyu a madadinka. Da safe aka kira ka ofis, kafin la'asar ka kwashe kayanka. Har an rubuta wai abin alfahari ne, tunda mutum biyu aka bayar a kan ɗaya. Haba, Haruna! Kai ka rubuta wannan? Ɗan Inna ne zai yi alfahari da cewa ya yi tsada? Da na dawo na same ta zaune a tsakar gida ba mayafi. Ta dube ni ta ce: “Nawa Baturen ya ba ka?” Wallahi tallahi ko riyal ɗaya ban karɓa ba, kai shaida ne. Daga wannan rana ta rufe bakinta a kaina.

Ban zauna ba. Na tambayi Ba'amurken da nake tuƙawa yanzu. Ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce haka wasan yake, fari da baƙi duk ana musayarsu, kuma akwai dubban samari da ke mafarkin samun wurinka. Na ce to kana iya ƙin zuwa, ka koma ƙungiyar da ka ga dama? Ya ce a'a, wannan kam ba ka iyawa, sai dai ka bar wasan ɗungurungum. Ya ga kamar ya kwantar mini da hankali. Kada ka ce mini ni ma ina da kafili, ubangidan da ya tsaya mini, kuma iƙamata, takardar zamana, tana hannunsa. Na sani. Amma ni a gidanmu nake kwana, kuma ba a taɓa ba da ni an karɓi wani ba.

Ba'amurken nan ne kuma ya ɓata maka lissafi, domin ya ce ba a yin wasan duk shekara, ana hutun watanni. To ina kake zuwa a watannin nan? Bara an rubuto gwiwa ce, bara waccan an ce takardun zama ne, kafin nan an ce horo. Jirgi yana sauka a Kandara kullum, ni nake kwaso mutanensa. Ina tsayawa ina duban kowane dogon baƙin mutum da ya sauko, har wani askari ya fara tambayata wa nake jira.

Abu biyu ne, kuma kowanne yana ci mini rai. Ko dai wani yana riƙe da fasfonka, yana rubuta wasiƙu da sunanka, kana can ka kasa ko yi mana ishara. Ko kuma kana da 'yancinka, kana da mota da gida kamar yadda takardun ke cewa, ka dai ga Kurayyat ta yi maka ƙura, ka manta Hausa, ka ɗauki wani yana buga maka gaisuwar uwarka a inji. In na farko ne, Inna ta yi gaskiya, ni na kai ka. In na biyu ne, na wanku, amma na rasa ƙane. Na ɗaga hannu a gaban Ka'aba na rasa wanne zan roƙa.

Ni dai ban manta da kai ba, ɗan Inna. Ni na goya ka ranar da muka je kallon jiragen alhazai, ka yi mini fitsari a baya, na ce gumi ne don kada a yi maka dariya. Ba na neman komai naka. In kana da iko da ƙafarka, yalla, ka zo ko na kwana uku ne, ka shigo ɗakinta ba hula, ta shafa fuskarka, halas, shi ke nan. In ba ka da iko, ka rubuto layi ɗaya da hannunka, da Hausa, ka ba wanda ya kawo maka wannan. Zan san abin da zan yi.

Shekaranjiya da hantsi Rabi ta zo ta ce Inna tana kirana. Na shiga, na durƙusa, na ɗauka gafarar ce ta zo. Ta juyo ta dube ni sosai, karon farko a wata bakwai, har ta kama hannuna. Muryarta ba ta fita da kyau, sai da na kai kunne. Ta ce: “Salihu, tunda mutanen nan suna karɓar mutum a madadin mutum, ka rubuta wa ubangidansa. Ka ce ina da wani ɗan, babba, ya iya mota. Su ɗauke shi su maido mini Haruna.”

Ba cikin fushi ta faɗa ba. Ta daɗe tana tunaninsa, ta ga ita ce hanyar da ta rage. Na ce mata to, Inna, zan rubuta. Ta ce Allah ya yi mini albarka in na yi. Ga shi na rubuta. In kai ne ke karantawa, ka ji abin da uwarka ta kai ga faɗa. In kuma akwai mai karanta maka, ya kai wa wanda ya aiko shi, ya ce na amince.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya tsare gwiwarka da imaninka. In a ɗaure kake, Allah ya kwance ka. In zuciyarka ce ta yi nisa, Allah ya juyo da ita. Allah ya ara wa Inna kwana har ta gan ka, ya sa kada ta tafi da ni a ranta. Amin.

Wassalam. Ni ne yayanka,

Salihu, shekara talatin da tara, lafiyayye, ba na shan taba, haƙorana duka suna nan.