Bokitin da nake ɗauka babu komai a cikinsa

Assalamu alaikum Admin da 'yan uwa. A sakaya sunana, kuma a yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya a ajin yaƙi da jahilci. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, na kasa zaune na kasa tsaye.

Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar. Daga wani ƙauye wajen Mabai muka taso muka dawo cikin Ƙanƙara saboda halin da kowa ya sani. Da muka zo ban san kowa ba, wata dattijuwa maƙwabciyarmu, bari in kira ta Hajiya, ita ta jawo ni cikin matan da suke ƙuli. Mu biyar ne, gayya muke yi, wannan satin gidan wance, sati na gaba gidan wance. A soya gyaɗa a kai inji, a dawo a zuba a turmi a yi ta juyawa da taɓarya har mai ya fito, sannan a duƙa a murza ƙuli. Tun hantsi har la'asar mutum yana sunkuye. Da wannan sana'ar nake rufa wa kaina asiri.

Tun bara bayana da kafaɗata ta dama suke ciwo, ina daurewa, in shafa man zafi in ci gaba. Watan jiya, kwana biyu da gama aikin gidana, na zo yin ruku'u na kasa ɗagowa, sai da ɗiyata ta kama ni. Malam maigidana ya kai ni asibiti. Malamar da ta duba ni ta ce in ajiye juya turmi da dogon duƙo na ɗan lokaci, kuma kullum da safe in yi tafiya a miƙe da ɗan sauri, ta nuna mini yadda zan riƙa miƙa jiki a kan tabarma. Na yi dariya na ce Malama ni da ba na zama, wane motsa jiki ya rage mini kuma. Ta ce, "Mama, aikinki wuri ɗaya yake ci kullum, kuma ba ya barinki ki huta. Tafiyar nan warware shi take yi."

To a nan na yi kuskure. Da matan suka zo dubiya, kunya ta hana ni in ce likita ta ce in riƙa yawo, ai sai su ɗauka wasa nake. Sai na ce an ce in kwanta in huta. Hajiya ta tausaya mini, ta ce kar in kuskura in zo aikin gidan Lami, su huɗun za su yi. Lami ɗaya ce daga cikinmu, ita ce ta fi kowa juya turmi ranar aikina.

Tafiyar kuma, a unguwarmu ba a ganin matar aure tana zagaye hannu sake babu dalili. Sai na riƙa ɗora bokiti mai marfi a kai, babu ko ɗigon ruwa a ciki, in bi ta bayan firamare kamar mai zuwa fanfo, in zagayo gida. Wallahi na ji sauƙi, yanzu har sujada nake yi ba tare da na dafa bango ba.

Washegarin aikin gidanta Lami ta gan ni, da bokiti a kai ina ta sauri. Ta gaishe ni ta ce, "Sannu mai ciwon baya, Allah ya ƙara sauƙi." Kafin azahar magana ta zaga. An ce na bari an yi mini nawa, da aka zo na wasu na ƙirƙiro ciwo, ga ni ina jidar ruwa kamar budurwa. Na je na gaya wa Lami bokitin wofi ne, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in nemi wata ƙaryar wannan ba ta zauna ba, wace mai hankali ce za ta ɗauki bokiti wofi tana zaga gari. Hajiya kuwa, da na gaishe ta jiya a taƙaice ta amsa, ba ta tambayi jiki ba. Wannan ya fi maganar Lami yi mini zafi.

Asabar ɗin nan aikin gidan Hajiya ne, kuma mai yawa ne don na bikin jikarta ne. Malam ya ce kar in je, in na kwanta ba su za su yi jinyata ba. Ɗiyata ta ce in kai musu katin asibiti, amma katin ba zai goge cewa da bakina na ce an ce in kwanta ba. Na yi tunanin in je in zauna a kujera in yi ta tuya kawai, sai dai a wurinmu tuya aikin tsofaffi ne, mai ƙarfi turmi take kamawa, kuma na san idanun da za su bi ni. In kuma na kama taɓarya don in wanke kaina, ina tsoron in dawo inda na fito ko fiye.

Iyaye da 'yan uwa, mi zan yi? In je wurin Hajiya kafin ranar in amsa cewa na yi mata ƙarya, ko in daure in juya turmi ɗaya tak? Matar nan ita ta fara buɗe mini ƙofa a garin nan, ban san da wane baki zan fara ba.