Shamuwa Ta Rasa Masauki

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Ya zaman Fatakwal? Mu nan Ƙaraye lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, an sare tsamiyar bayan gidanmu. An yanka gonar da take ciki an yi fulotai, har wani ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe. Ko sunansa ban sani ba.

Kin tuna marigayi Baba ba ya ɓare gyaɗar iri sai shamuwa ta sauka a tsamiyar nan? Mu kuwa mu bi gida-gida muna shela, dattawa na dariya a inuwarta. To, shekaranjiya sai ga shamuwoyin sun iso. Suka yi ta kewaya wurin, suka gaji, suka yi gabas. Inna na tsaye tana kallo, ta ce, "Bayin Allah, ba mu muka tashe ku ba."

Ki sa mu a addu'ar damina, ki gaida kowa. In za ki zo, ki kira ni in tarye ki a bakin titi, kada ke ma ki yi ta kewayawa.

Ƙaninki,
Sani